Yaya Bai Taɓa Ba Ni Kyauta Ba

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Yaya kuwa ya riga ni komawa. Yanzu shekara ta zagayo. Allah ya jiƙansa, ya kyauta makwancinsa, ya yafe masa taurin kai. Na fara da addu'a ne don kada wani ya ce ban yi ba, domin abin da zai biyo baya ba zai yi wa mutane da yawa daɗi ba. Ni ban san baƙi ba, ko alif. 'Yata ce ke riƙe da alƙalami, na kuwa gaya mata in ta sassauta min kalma ɗaya ban yafe ba.

Ya rasu bayan an gama ɗaurin dawa. Wudil ta ga motoci a makokin nan. Zamanin kuɗin fetur ne, kowane ɗan tsako ya samu mota, sai suka jeru tun daga ƙofar gida har bakin titi. Mutanen da ba su taɓa taka zaurensa ba yana da rai, don sun san ko ruwan randa sai sun roƙa, su ne suka fi kowa ɗaga murya wajen fatiha. Ni ina cikin gida, kusa da matarsa, mata na shigowa suna durƙusawa.

"Sannu, Inna. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah sarki! An yi rashin mai zumunci. Duk kaka sai ya aika miki da hatsi har Lajawa. Yanzu wa zai tuna da ke?"

Ta farko ta faɗa, na haɗiye. Ta biyu ta faɗa, na haɗiye. Can ta bayan katanga na jiyo wani malami a zaure yana jan murya, wai marigayi mutum ne mai kyauta, hannunsa a buɗe, ku dubi yadda ya ciyar da ƙanwarsa tun tana amarya har ta yi furfura. Maza suka amsa da salati. A nan haɗiya ta ƙare min.

Na ce, "Ƙarya kuke masa."

Wata da ta ɗebo dambu ta tsaya da hannu a sama. Matar Yaya ta mintsine ni a cinya.

"Haba, Gwaggon yara. Makoki ne fa."

"Na san makoki ne, shi ya sa. Da yana da rai da kansa zai ƙaryata su."

Aka fita da labari wai baƙin ciki ya taɓa ni. Wasu suka ce a'a, dama can butulu ce, ai mutanen Lajawa sun daɗe da saninta. To, masu faɗar haka su gyara zama. Bari in gaya muku wanda aka binne.

Dogo ne, busasshe, mai manyan kunnuwa. Riga ɗaya yake sawa har sai allura ta rasa inda za ta kama. Goro ɗaya sai ya fasa shi huɗu da farce, ya jefa ɗaya a baki, ya tura ukun cikin naɗin hula, in ka zauna kusa da shi kana kallon hular har rana ta faɗi ba zai gane nufinka ba. Duk Juma'a sai ya je kara, kasuwar shanu, ya wuni yana zagaya shanu, ya shafa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya taya har dillali ya yi gumi, sannan ya dawo gida hannu biyu. In aka tambaye shi sai ya ce ya je ganin asarar da bai yi ba. Wannan shi ne mai kyautar naku.

Magana ɗaya gare shi, da ita ya tashi, da ita ya tsufa: "Na waye?" In yaro ya shigo da mangwaro, na waye? In ya ga tsintsiya a tsakar gida wadda bai sani ba, ta waye? Wata rana kazar maƙwabta ta tsallako ta yi ƙwai a bayan rumbunsa. Mutumin nan, da gemunsa, ya ɗauki ƙwai ɗaya a tafin hannu yana bi gida gida yana sallama, har ya samu mai kazar. A makon nan kuma akuyar gidan ta ci masa ganyen wake, ya je ya tsaya a ƙofa sai da aka biya shi. Matar gidan ta ce, "Malam, ba kai ne ka kawo mana ƙwai shekaranjiya ba?" Ya ce, "Ƙwan naku ne. Waken nawa ne." Ba a son sa a unguwa. Amma duk mai tafiya Makka shi yake kawo wa ajiya.

Mu biyu Baba ya bari, innarmu ta riga shi. Abin da ya bari kuwa gona ce guda, babba, a bakin hanyar Darki, lokacin hanyar ba ta san kwalta ba, sai jakai da fatake. Ina amarya a Lajawa sa'ad da ya rasu. A wancan zamani, har yau ma, in ka kai gado gaban alƙali sai an cire ushira, ɗaya cikin goma, kafin magada su ga komai. Yaya ya gwammace a cire masa haƙori. Ga shi kuma a garinmu mace ba ta buɗe baki ta ce a yanka mata gonar ubanta. Abin kunya ne. Sai a ce ta bar wa 'yan'uwanta maza riƙo, a hankali riƙo ya zama mantuwa, 'ya'yanta su tashi ba su ma san ta taɓa yin uba mai gona ba. Mata nawa na sani da aka yi musu haka, suna daka dawar aro har suka mutu.

Bayan sadakar arba'in ya kira ni bayan ɗaki, daga ni sai shi sai kaji.

Ya ce, "Gonar nan kashi uku ce. Biyu nawa, ɗaya naki. Ba zan yanka ta ba, ba zan kai wa alƙali ushira ba. Zan noma, in fitar da zakka da ladan 'yan ƙodago. Abin da ya rage, dami biyu dama, dami ɗaya hagu. Hagu ke ce."

Na ce to. Yarinya ce ni, me na sani? Ban ce a kira liman ba, ban ce a kira mai unguwa ba.

Da kaka ta yi, sai ga wani saurayi mai jaki ya sauke min damuna a ƙofar gidan miji. Zo ku ga murna. Amarya ce ni, daga gidanmu an aiko da hatsi, uwar mijina tana kallo. Na kwance bakin zane na ba shi taro, kwabo uku, tukwici, na ce ya gaya wa Yaya na gode, Allah ya ƙara arziki. Ko jiya aka yaye ka ka san wanda ya kawo maka kyauta ba ya komawa hannu banza.

Washegari da hantsi sai ga Yaya, a ƙasa tun daga Wudil, yana riƙe da wuyan rigar mai jaki. Bai tsaya gaisuwa ba. A gaban uwar mijina, a gaban matan gida, ya ce da shi, "Fito da shi." Mai jaki ya laluba aljihu ya fito da shi. Yaya ya karɓi taron ya jefa a kan tabarmata.

"Kyauta na aiko miki?"

"Yaya, ai al'ada ce."

"Al'adar kyauta ce. In kin aiki wani ya ɗauko miki zanenki daga shanya, tukwici kike ba shi? Hatsinki ne, na gonar ubanki. Ladan jakinsa na biya shi. Kada ki ƙara. 'Na gode' ɗin da kika aiko ma ga ta nan, na dawo miki da ita."

Ya juya ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na daɗe ba na yi masa magana, shi kuwa ban ga alamar ya lura ba.

Amma ban ƙara ba. Duk shekara mai jaki zai zo ya sauke, ya tsaya yana susar ƙeya.

"An sauke."

"Na gani."

"Hanyar da nisa fa. Ga rairayi."

"Allah ya huta gajiya."

Sai ya yi tsaki ya ja jakinsa, ya bi kasuwa yana ba da labarina. Matan Lajawa suka sa min suna Hana-tukwici. A gidan biki in na shigo sai a fara tari. Na sha wannan tun ina da baƙin gashi har ya koma fari, duk saboda Yaya, kuma bai taɓa cewa sannu ba.

Shekarar da aka yi fari muka yi faɗan da ya fi kowanne, ni da Yaya. Gona ba ta ba da komai ba, damin da aka kawo min ko kwana nawa ba zai kai mu ba, ga jikoki. Na taka da kaina na same shi a zaure. Na ce ya ƙara min, yunwa za ta kashe mu. Ya ce zai ƙara, amma rance ne. Na ce ni, ƙanwarka, ciki ɗaya? Ya ce ciki ɗaya, rabo daban. Na kira shi da sunan da ba zan maimaita ba tunda ya mutu. Na karɓa, don ba ni da zaɓi, da kaka ta dawo kuwa ya cire abinsa cif. Sai daga baya matarsa ta gaya min a shekarar nan sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansu, ita ma rama ce ta fi gari yawa, 'ya'yansa suna kuka suna kallon damin hagu a jingine, bai bar kowa ya zari zangarniya ɗaya ba.

Alheri ɗaya na san ya yi min, shi ma bai yarda da shi ba. Da mijina ya rasu ina takaba, duk mako sai ya zo. Ba ya shigowa, ba ya cewa ya haƙuri. Sai in ji motsi a waje: ya yaɓe rumbu, ya ɗaure dangar da ta kwanta, ya sare reshen da ke barazanar faɗo wa ɗakina. Ranar da na fita takaba na leƙo na same shi da laka har gwiwar hannu.

Na ce, "Yaya, wannan fa? Shi ma ba kyauta ba ce?"

Ya ce, "Inda hatsin gonar Baba zai shiga nake gyarawa."

Ƙarya ce, kuma ita kaɗai na taɓa kama shi da ita. Hatsi ba ya shiga danga.

Yanzu mu zo kan babban ɗansa, wanda na goya, na wanke wa kashi, na tauna wa gyaɗa na sa masa a baki. Ya yi boko, yana aiki a ofishin gwamnati a Kano, yana da mota Fijo fara da wando mai faɗin ƙafa kamar buhu. Ranar sadakar bakwai ya shigo ɗakin da nake, direbansa na biye da buhu a ka. Ya tsuguna rabi-rabi don kada wandon ya taɓa ƙasa.

"Gwaggo, kada ki sa damuwa a ranki. Abin da Baba yake miki ba zai yanke ba. Ga shinkafa 'yar waje, babu tsakuwa ko ɗaya. Duk shekara za ki gani."

Na ce, "Ta waye?"

Ya yi dariya. "Kai, Gwaggo, kamar Baba! Taki ce mana. Kyauta ce daga gare mu."

"To a mayar."

"A mayar?"

"Ban saba ba. Dawata nake jira, ta gonar ubana."

Dariyar ta tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce za mu yi magana. Ba mu yi ba. Abin da na ji daga baya a bakin mata shi ne, cikin masu ta'aziyyar nan akwai wani alhaji daga Kano da ya shafa fatiha ya miƙe, bai zarce gida ba, ya zarce gona. An gan shi yana takawa daga wannan iyaka zuwa waccan, ɗan wana na biye da shi. Hanyar Darki ta zama kwalta, manyan motoci ba sa yankewa, gidan mai yake so ya gina. An gama ciniki, abin da ya rage kawai kotu ta raba gado, 'ya'ya su sa hannu. Ƙannensa duk sun bi shi, kowa ya riga ya kashe rabonsa a zuci. Uwarsu ta san gaskiya, amma ban nemi ta buɗe baki ba. Ba ni shiga tsakanin mace da ɗan da ta haifa.

Ranar da za a zauna na yafa mayafina na tafi kotun alƙali. Aka ce in wakilta namiji. Na ce namijin da zan wakilta yana kabari.

Alƙalin ba tsoho ba ne sosai, amma yana da nutsuwa. Ya dube ni ya ce, "Iya, ke 'yar'uwar mamaci ce. Kin san 'yar'uwa ba ta gado in akwai ɗa namiji?"

"Allah ya gafarta Malam, na san wannan tun ba a yi maka askin suna ba. Ba gadon ubansu na zo nema ba. Na ubana na zo karɓa. Mamaci biyu ne a kan gonar nan, a fara sallamar na farkon."

Ɗan wana ya miƙe. Ya ce ai soja sun yi sabuwar doka, duk ƙasar jiha yanzu tana hannun gwamna, wanda yake noma wuri shi hukuma ta sani, tsofaffin maganganu sun wuce. Ya haɗa da Turanci don mu ji tsoro.

Alƙali ya ce, "To in ta gwamna ce, me ka kawo min in raba muku?"

Aka yi dariya, ni ma na gyara zama. Amma yaron ba wawa ba ne, jininmu ne. Ya sauya hanya. Ya ce ya yarda gonar asalinta ta kakansa ce. Sai dai ubansa ya riƙe ta fiye da shekara arba'in, Gwaggo tana gani, ba ta taɓa cewa a raba ba. Ta bari ke nan, kamar yadda mata suke bari. Hatsin da ake kai mata kuwa zumunci ne, duk Wudil shaida ce, a makoki ma kowa abin da yake faɗa ke nan.

Alƙali ya juyo gare ni, fuskarsa ta canja.

"Iya, wannan magana tana da nauyi. Tsakanin dangi, in mutum ya riƙe wuri tsawon haka, mai haƙƙi yana kallo bai ce uffan ba, shari'a tana ɗauka ya bari. Hauzi ake kiransa. Sai fa in an tabbatar shi mai riƙon ya san amana ce a hannunsa. Hatsin nan in rabo ne, haƙƙinki yana nan. In kyauta ce, sai haƙuri. Da kuka yi maganar kashi uku, wa ke wurin?"

Na ce, "Kaji."

Ba wanda ya yi dariya. Aka ɗaga zama.

Kun ga abin da yabonku ya jawo? Kowace "Allah sarki, mai kyauta" da kuka yi a makoki, ƙasa kuka ɗiba daga gonar ubana kuka zuba wa alhajin Kano. Na koma gida na kasa cin tuwo. Ba yunwa nake tsoro ba, ina da 'ya'ya. Abin da ya tsaya min shi ne a rubuta a kotu cewa ni, 'yar mai gona, sadaka na ci tun ina amarya.

Zama na biyu ɗan wana ya zo da shaida. Ina ɗaga ido sai ga mai jaki, ya tsufa ya ranƙwafa, an saka masa sabuwar riga har da karin guga. Na ce a raina shi ke nan. Duk duniya babu mai jin haushina kamar mutumin nan.

Alƙali ya ce, "Kai kake kai hatsin Lajawa?"

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam. Jakuna nawa suka mutu min a kan hanyar nan!"

"Kyauta ce marigayi yake aikawa?"

"Kyauta mana! Kyauta ga wadda ba ta san alheri ba. Malam, dubi matar nan da kyau. Tun ina saurayi nake sauke mata dami a ƙofa, yau ga ni ba haƙori. Ko ɓarin goro! Ko furar da ta kwana! Sai dai 'Allah ya huta gajiya', kamar da shi ake sayen dusa."

Ɗan wana yana gyaɗa kai, yana murmushi. Ana zubar min da mutunci, daɗi yake ji. Mai jaki kuwa ya samu fili, abin da ya tara shekara da shekaru ya ɓalle.

"Sau ɗaya tak ta ba ni taro. Sau ɗaya! Shi ma bai kwana biyu a aljihuna ba aka ƙwace."

Alƙali ya ɗago. "Wa ya ƙwace?"

"Shi marigayin mana. Ai halinsu ɗaya, Allah ya jiƙansa. Ya ja ni da wuyan riga har Lajawa kamar ɓarawon akuya."

"Da ya ƙwace, me ya ce?"

Ɗan wana ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ai tsohon zance ne..."

"Zauna. Shaidarka ne."

Mai jaki ya miƙe ƙugu, ya ɗaga haɓa, ya tura leɓe gaba. Wallahi har kunnuwansa na ga sun ƙara girma. Ya buɗe baki, sai muryar Yaya ta fito, busasshiya, ta hanci, kamar yana tsaye a wurin:

"Kyauta na aiko miki? Hatsinki ne, na gonar ubanki. Ladan jakinsa na biya shi. Kada ki ƙara."

Ya saki jiki ya ce, "Haka ya ce. Kuma duk shekara in zai ɗora min kaya sai ya maimaita: na hagu nata ne, kada ka tsaya jiran tukwici. Ka ji mugunta, Malam?"

Ban yi kuka ranar da aka fita da Yaya ba. Ban yi ranar uku ba, ban yi ranar bakwai ba, har ana cewa zuciyata dutse ce. A kotun nan na yi, gaban maza, gaban masinja, na ja mayafi na rufe fuska. Kada wani ya ce na murna ne. Muryar ce.

Alƙali ya ce a sha'anin dukiya shaida ɗaya da rantsuwar mai nema sun isa, balle shaidar da abokin shari'a ya kawo da kansa. Na yi alwala na rantse, ban yi gargada ba. Aka yanke: a fara fitar min da kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage shi ne gadon Yaya. Mai jaki yana ta waige-waige yana tambayar wa ya ci, don shi a ganinsa ya gama da ni.

A bakin kotu ɗan wana ya tare ni, idonsa ja.

"Gwaggo, kin tozarta mu. Zan ɗaukaka ƙara Kano. Can ba a shari'a da labarin jaki."

Na ce, "Ka gaishe su. In za ka tafi ka karɓi rigarka a wurin mai jaki, ta yi masa yawa."

Aka zo da igiya aka auna gona, aka tsaga ta uku daga bakin titi zuwa baya, don kowa ya samu gaba ya samu ƙurya. Aka yi ƙuri'a da karan dawa. Nawa ya faɗo a tsakiya. In na ce ban roƙi Allah hakan ba na yi ƙarya, na roƙa, har da azumi. Alhajin Kano ya zo ya ga gidan mansa da tsohuwa a tsakiyar ciki. Ya aiko a taya nawa, na ce a tambaye shi ko motocinsa suna shan kunu. Bai dawo ba. Ushirar da Yaya ya ƙare rayuwarsa yana gudu kuwa an cire ta har sau biyu, ta Baba da tasa. Da ciwo bai kashe shi ba da wannan ta kashe shi.

Kada ku ɗauka na wanke shi. Ina da magana da shi har gobe. Mutumin da zai zagaya unguwa da ƙwai ɗaya ya kasa kiran mutum biyu su ji abin da ya gaya wa ƙanwarsa? Ya bar ni da furfurata ina rantsuwa gaban yaran da na girmi iyayensu, don ƙyashin ushira da ƙin a ga igiya a gonar Baba. Wasu yanzu suna cewa ai hangen nesa ya yi, da gangan ya shuka haushi a zuciyar mai jaki don ya san haushi ba ya mantuwa. Ni ba na ba shi wayon da ba shi da shi. Shi dai ba ya iya jin an kira abu da sunan da ba nasa ba, ko da sunan ya fi daɗi. Abin da nake so jikokinsa su sani ke nan, tunda ubanninsu sun zaɓi su tuna da wani mutum daban, mai fara'a, mai buɗaɗɗen hannu, wanda ba a taɓa haifa a gidanmu ba.

Bana ɗana ya noma min tsagina, dawa ta yi kyau. Ƙarar tana Kano, an ce sai bayan salla za a zauna. Da aka gama ɗauri na tsaya ina kallon damuna, babu dama babu hagu, duk nawa, sai na ji wurin ya yi min faɗi. Ba wanda zai aiko, ba wanda zan ƙi gode wa.

Ranar sadakar shekara na aika a kira min mai jaki. Ya zo yana hura hanci. Na biya shi ladansa, na zaɓi damuna mafiya kyau na ce ya kai gidan Yaya, ya sauke a ƙofar zaure lokacin da maza suka cika, ya ce Gwaggo ce ta aiko, daga gonarta, a ƙara a sadaka.

La'asar sakaliya sai ga shi ya dawo, bakin nan da ba haƙori har kunne.

"Kin ga 'yan halak! Kin ga inda aka san mutunci!"

"Wa ka tarar?"

"Shi mai Fijo da kansa, zaure cike, har liman. Ina saukewa ya sa hannu a aljihu ya zaro naira sabuwa fil, ya ce ga tukwici. Naira! Ke kuwa shekara nawa..."

"A gaban mutane ya ba ka?"

"A gaban kowa."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce a gaya miki an gode, Allah ya ƙara arziki."

Na ce, "Madalla. Mun yi masa tarbiyya, bokon bai cinye duka ba. Ka adana nairar nan, kada ka kashe. Ka adana maganar ma yadda ya faɗe ta. Alƙalin Kano zai so ya ji wanda ya yi godiya a kan dawar gonar da ya ce ba tawa ba ce."

Ya zaro nairar ya jujjuya ta. Can ya gane, ya dafe kai ya ce, "La ilaha! Kun sake yi da ni, ke da ɗan'uwanki." Sannan ya fara susar ƙeya, irin ta da. "To ai wannan albishir ne na kawo miki. Shi ma ba goro?"

Na duba, gaskiyarsa ce. Albishir ba kayana ba ne, kawo min aka yi. Na ɗauko goro ɗaya, na sa farce na fasa shi huɗu, na miƙa masa ɗaya, na ƙulle ukun a bakin zane.

Allah ya jiƙan Yaya. Ya Ubangiji, ranar da za ka tambaye shi abin da ya riƙe a duniya, na waye, ni shaida ce ya san amsa.